Ƙwaƙwalwa Biyu a Inji Ɗaya: Yadda Lantarki Ke Sarrafa Mota Mai Shan Gas da Fetur

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk mai neman abinci da mota a Nijeriya ya sauya, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a yawancin gidajen mai. A hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta ratsa Kurfi ta shiga Katsina, mai tsawon kimanin kilomita 60, wadda ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suke bi safe da yamma, kuɗin mai ne ke cinye mafi yawan abin da direba ya tara, ragowar kuma shi ake rabawa tsakanin mai mota da 'yan kamasho da cefanen gida. A wannan hali ne gwamnatin tarayya ta kafa shirin fadar shugaban ƙasa na matsattsiyar iskar gas a shekarar 2023, da burin mayar da mota miliyan ɗaya zuwa shan gas nan da 2027, tare da alkawarin yi wa motocin haya na ƙungiyoyin direbobi aikin kyauta. Muhawarar da ta biyo baya a tashoshi da garejoji ta fi karkata ga tukunyar da ake ɗaurawa a but, ko za ta fashe ko ba za ta fashe ba, alhali abin da ke yanke hukunci kan ko motar za ta yi lafiya ko za ta zame wa mai ita wahala wani ƙaramin akwati ne na lantarki da ake ɓoyewa a gefen inji, wato kwamfutar gas, da kuma irin alaƙar da ke tsakaninsa da kwamfutar da motar ta zo da ita daga masana'anta.

Gas ɗin da ake magana a kansa, wanda jaridu ke kira CNG, ya bambanta da gas ɗin girki da ake cika tukwane da shi a shaguna. Na girki yana zama ruwa idan aka ɗan matsa shi, matsinsa a tukunya bai cika wuce bar 10 ba, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Bar ma'aunin matsi ne, kuma bar ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin iskar sararin da ke kan kowa. Na mota kuwa akasarinsa sinadarin metan ne, ba ya zama ruwa komai matsin da aka yi masa a yanayin zafi na yau da kullum, ana ɗura shi a tukunya da matsin bar 200, kuma ya fi iska sauƙi, don haka sama yake tashi idan ya sami hanya. Motar da wannan sharhi ya shafa ita ce wadda ke da tankin fetur da tukunyar gas a tare, tana ƙona ɗaya daga ciki a kowane lokaci, kuma fulogi ne ke kunna mata wuta ko da wanne take tafiya. Manyan motocin dizal da ake haɗa wa gas wani tsari ne na daban, domin su suna ƙona biyun a lokaci guda, dizal kaɗan ne ke tayar da wutar da gas zai kama.

Kafin a fahimci aikin kwamfutar gas, wajibi ne a san abin da kwamfutar fetur ke yi, wadda makanikai ke kira birenbos, wasu kuma su ce ƙwaƙwalwar mota. A tsofaffin motoci kafireto ne ke gauraya mai da iska ta hanyar zuƙa, amma tun daga 1979, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin Motronic wanda ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wutar fulogi a kwamfuta ɗaya, aikin ya koma hannun lantarki. Birenbos ba ya ganin inji, da rahoton sensa-sensa yake aiki, wato ƙananan na'urori masu auna wani abu su mayar da shi siginar lantarki. Akwai wadda ke kan karanshaf tana faɗin saurin juyawar inji da inda kowane fistan yake, akwai mai auna yawan iskar da ke shiga ko matsinta a cikin manifol, akwai mai faɗin iyakar yadda direba ya taka totur, akwai kuma mai auna zafin ruwan lagireto. Daga waɗannan rahotanni kwamfutar ke lissafa abu biyu: tsawon lokacin da kowace injekta, wato bakin da ke fesa mai, za ta buɗe, wanda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, da kuma daidai lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi. Manufarta ita ce kowane giram ɗaya na fetur ya haɗu da giram 14.7 na iska, domin a wannan awon ne man ke ƙonewa ƙurmus ba tare da ragowar mai ko ragowar oksijin ba.

Lissafi kaɗai ba ya isa, domin injekta tana toshewa, roba tana tsagewa ta sha iska, mai yana bambanta daga wannan gidan mai zuwa wancan, don haka aka dasa wata sensa a jikin salansa, mai suna lamda, wadda aka fara sa wa motocin Volvo a 1976. Idan ta yi zafi, tana ba da wuta kusan bolt 0.9 matuƙar mai ya yi yawa a cakuɗen, ta sauka zuwa kusan 0.1 idan iska ta rinjaya, birenbos kuma yana ta ƙara lokacin injekta yana ragewa don siginar ta riƙa kai da kawowa a tsakiya. Wannan ƙari da ragi shi ake kira gyaran awo, kuma iri biyu ne: na nan take, wanda ke sauyawa kowace daƙiƙa, da na dogon zango, wanda kwamfutar ke koya a hankali ta adana shi har bayan an kashe mota. Idan gyaran ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari bai wadatar ba, yawancin motoci sukan kunna fitilar gargaɗin inji a gaban direba. Wannan gyaran awo na dogon zango shi ne mabuɗin fahimtar yawancin matsalolin da ke biyo bayan sa gas.

Metan ya saɓa wa fetur ta fuskoki da dama da suka shafi kwamfuta kai tsaye. Yana bukatar giram 17.2 na iska ga kowane giram ɗaya nasa. Yana shiga silinda a matsayin iska, inda yake mamaye kusan kashi ɗaya cikin goma na wurin, alhali tururin fetur bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma wannan wurin da ya ƙwace daga iska shi ne babban dalilin da ya sa motar da aka mayar take rasa kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinta, abin da direban da ya yi lodi ya fi ji a hawa. Lambar oktan ɗinsa, wato ma'aunin juriyar mai ga fashewa kafin lokaci, tana kaiwa 120 ko fiye, yayin da fetur ɗin kasuwa yake wajen 90, sai dai injin da aka ƙera don fetur ba ya iya cin moriyar wannan fifiko sosai. Wutarsa ta fi ta fetur jinkirin bazuwa, kunna shi ya fi wuya, kuma busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda feshin fetur ke yi. A gefen alheri, ƙwayarsa kabon ɗaya ce da haidurojin huɗu, saboda haka hayaƙin kabon da yake fitarwa ya gaza na fetur da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, ba ya barin baƙin toka a fistan, kuma ba ya gangarawa ya tsinka baƙin mai.

Hanyar da gas ke bi daga but zuwa inji gajera ce, amma kowane mataki nata yana ƙarƙashin idon lantarki. A bakin tukunya akwai bawul mai maganaɗisu wanda ba ya buɗewa sai kwamfuta ta ba shi wuta, daga nan siririn bututun ƙarfe ya bi ƙarƙashin mota ya kai gas ɗin ga regileta, wadda ke saukar da matsinsa daga bar 200 zuwa kimanin bar 2 a yawancin kayan da ake sa wa mota daga baya. Duk iskar da aka matsa ta sannan aka sake ta farat ɗaya sanyi take yi, kamar yadda bakin taya ke sanyi idan aka sace mata iska, kuma a saukar da ta kai wannan girma sanyin yana iya daskarar da ɗan laimar da ke cikin gas ya toshe hanya ko ya ƙandarar da robobin regileta. Maganin da aka yi wa wannan shi ne a janyo ruwan zafi daga inji a zagaya da shi jikin regileta, a kuma dasa mata sensar zafi. Bayan regileta sai matata, sai jerin injektocin gas, ɗaya ga kowace silinda, kowacce da guntun tiyo da ke shiga ramin da aka huda a manifol kusa da injektar fetur. Wata sensa kuma tana auna matsin gas da zafinsa a wannan jeri.

Abin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe shi ne cewa kwamfutar gas ba ta da lissafin kanta game da abin da inji ke bukata, na birenbos take karantawa ta fassara. Mai haɗa kayan yana yanke wayar umarni ta kowace injektar fetur, ya shigar da bakin biyu cikin kwamfutar gas. Idan mota tana kan fetur, kwamfutar gas tana barin siginar ta wuce kamar ba a taɓa wayar ba. Idan aka koma gas, sai ta tare siginar, ta karkatar da ita ga wani abin kwaikwayo a cikinta mai jan wuta irin yadda injekta ke ja, don birenbos ya ci gaba da zaton injektocinsa suna aiki, kada ya kunna fitilar gargaɗi. Sannan ta auna tsawon siginar, ta ninka shi da wani adadi da ke cikin jadawalinta, ta buɗe injektar gas ta wannan silindar. Misali, idan birenbos ya ba da umarnin milisakan 3 lokacin da inji ke silo, injektar gas tana iya buɗewa na milisakan 4 ko 5. Kan wannan sai ta ɗora gyare-gyaren da birenbos bai san da su ba: idan gas ya yi zafi ya saki jiki, sai ta tsawaita lokacin domin nauyin da ke wucewa ya ragu, haka kuma idan matsi ya faɗi yayin da direba ya take totur. Sensar lamda dai tana nan tana kai rahoto ga birenbos, shi kuma yana gyara awon fetur ɗin da yake tsammanin yana fesawa, gyaran ya bi ta kwamfutar gas ya isa ga inji. Kamfanonin Italiya irin su Landi Renzo da BRC da Lovato, da kuma STAG na Folan, duk a kan wannan tsari na jagora da mabiyi suka gina kayansu, kuma hikimarsa ita ce duk dabarun da masana'anta ta zuba a motar, kamar yanke mai idan aka saki totur a gangara ko ƙara silo idan aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, suna ci gaba da aiki a kan gas.

Sauyawa daga wannan mai zuwa wancan ma kwamfutar ce ke yi. Mota tana tashi da fetur, ta jira ruwan da ke zagaya regileta ya kai zafin digiri 30 zuwa 40, sannan ta juya silinda ɗaya bayan ɗaya, ta yadda in an saita da kyau direba ba zai ji komai ba sai launin ɗan makunnin da ke gabansa da ya sauya. Idan gas ya kusa ƙarewa, har matsi ya faɗi ƙasa da abin da tsawaita lokaci zai iya cikewa, sai ta mayar da inji kan fetur ta yi ƙara don sanar da shi.

Jadawalin ninkin da aka ambata ba ya zuwa a shirye, domin kowace mota da nata, kuma saita shi shi ne ainihin gwanintar aikin. Mai saiti yana jona laftof da kwamfutar gas, ya bar inji ya yi zafi, ya sa manhajar ta gwada silo a kan fetur da kuma a kan gas don ta sami adadin farko, ya tabbata girman ramin bakin injektocin gas ya dace da ƙarfin injin. Daga nan dole a hau titi, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana riƙe da laftof a cinya, a yi tafiya a hankali da sauri, a hawa da gangara, manhajar tana zana ɗigo-ɗigo na lokacin injektar fetur a kowane nauyin aiki, launi ɗaya na lokacin da ake kan fetur, wani launi na lokacin da ake kan gas. Aikin bai kammala ba sai layukan biyu sun hau kan juna, domin hakan ne shaidar cewa birenbos bai ga bambanci ba. Inda aka tsallake wannan mataki aka sallami mota da saitin silo kaɗai, sakamakon yana bayyana ta hanyar da ke rikita mai ita. Idan gas ɗin ya yi kaɗan, birenbos zai yi ta ƙara gyaran awo na dogon zango har ya adana, misali, ƙarin kashi 20 cikin ɗari, washegari da safe kuma motar ta tashi da fetur da wannan ƙarin, ta riƙa shaƙewa tana baƙin hayaƙi tana cin mai. Mai mota sai ya nufi gareji da ƙorafin fetur, a canza fulogi, a wanke injekta, a sauya famfon mai, alhali cutar tana cikin jadawalin gas.

Tun da kwamfutar gas mabiyiya ce, duk kuskuren da ke cikin lissafin birenbos gadonsa take yi, kuma a nan ne batun ya taɓo motocin da ke bin hanyoyin Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda akasarinsu 'yan Kwatano ne da suka sha gyara a hannu da yawa. Al'ada ce sananniya a garejojin Nijeriya a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota, bisa imanin cewa an yi tamostat ne don ƙasashen sanyi. A kan fetur illar wannan ɓoyayyiya ce, ƙarin shan mai ne da saurin cin zobe. A kan gas kuwa a fili take: da asubahin hunturu na Disamba da Janairu, motar da ta tashi daga Dutsin-Ma tana iya yin tafiya mai nisa ruwanta bai kai zafin sauyawa ba, tana ƙona fetur mai tsada, in ma ta sauya, birenbos yana ganin inji da sanyi yana ƙara awo, kwamfutar gas tana kwaikwayon ƙarin da gas ba ya bukata, regileta kuma tana aiki cikin sanyi. Haka nan tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake yi wa laƙabi da indomi, sau da yawa an fasa ta an sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, kuma sensar lamda takan mutu ko a yanke wayarta a bar ta, wani lokaci har a cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta dami mai saye. Motar da ba ta da lamda mai rai tana tafiya ne da ƙiyasi, ba mai gaya wa kowace kwamfuta cewa cakuɗen ya yi ƙarancin mai, kuma irin wannan cakuɗen a doguwar tafiya da lodi shi ke ƙona bawul. Ƙurar hunturu da ke manne wa sensar iska ita ma tana karkatar da lissafin tun daga tushe. Sa kayan gas a irin wannan mota ba tare da an fara mayar da waɗannan abubuwa ba, neman gira ne da ke iya jawo asarar ido.

Ba kowace mota ce ke karɓar tsarin injekta ɗaya ga kowace silinda ba. Golf 3, wadda aka ƙera a shekarun 1990 kuma har yau take cikin motocin haya da suka fi yawa a tashoshin jihar Katsina, da yawa daga cikinta injekta ɗaya tak gare su a saman manifol, a tsarin da ake kira Mono-Motronic. Irin waɗannan, da masu kafireto, da yawancin kurkura, galibi mahaɗi ake sa musu, wato wani zobe a hanyar iska wanda zuƙar inji ke jan gas ta cikinsa. A mafi sauƙin nau'insa da sukurun hannu ake saita yawan gas, kuma saitin da ya yi daidai yau yana kaucewa da zarar matatar iska ta cika da ƙura. Nau'in da ya fi shi yana da ƙaramar kwamfuta mai karanta lamda tana juya wata 'yar mota mai taku-taku da ke buɗe hanyar gas ko ta tsuke ta. Raunin mahaɗi shi ne manifol gaba ɗaya yana cike da cakuɗen da ke iya kamawa, saboda haka fulogi ɗaya mai rauni ko wayar da ke zubar da wuta sun isa su jawo fashewa ta baya wadda ke yaga akwatin matatar iska, kuma wannan ne ya sa bai dace da motoci masu manifol na roba ba. A ɗaya ƙarshen kuma akwai sababbin injuna masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, waɗanda bakin injektarsu ke cikin wuta, fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, don haka kayan gas na musamman ake sa musu masu barin wani kaso na fetur yana gudana.

Saura batun tartsatsi. Da yake wutar metan tana da jinkiri, tana bukatar a kunna ta da wuri, amma birenbos da jadawalin fetur yake aiki. Don haka akan dasa wata na'ura tsakanin sensar karanshaf da birenbos, wadda ke gabatar da siginar da 'yan digirori idan ana kan gas, ta janye hannunta idan aka koma fetur. Tana dawo da wani ɓangare na ƙarfin da aka rasa, tana kuma rage zafin da ke fita ta bawul ɗin hayaƙi, domin ƙonewar tana ƙarewa kafin ya buɗe. Idan aka haɗa ta ba daidai ba har ta ci gaba da aiki a kan fetur, inji zai riƙa ƙwanƙwasa, wanda ke lalata fistan. Fulogi da koyil ma suna shan aiki fiye da da, shi ya sa akan ɗan tsuke bakin fulogi a kuma gajarta lokacin canza shi. Mazaunin bawul kuwa, da yake ba ya samun sanyi da ɗan maiƙon da fetur ke bari, yana iya lotsawa a hankali a wasu injuna, kuma kwamfutocin gas na zamani suna da saitin da ke sa a haɗa da fetur kaɗan idan inji ya kai gudu mai yawa don kare shi. Motocin da aka ƙera da gas tun daga masana'anta, irin su Fiat Siena Tetrafuel da ta fito a Barazil a 2006 da Golf TGI ta Volkswagen da ƙananan motocin Maruti Suzuki na Indiya, an tsara musu jadawalin mai da na tartsatsi na kowane makamashi tun asali, an kuma ƙarfafa musu mazaunin bawul, don haka ba su bukatar yawancin waɗannan dabaru.

Ta fuskar kariya, kwamfutar gas tana rufe bawul ɗin tukunya da zarar siginar juyawar inji ta ɗauke, ko da makulli yana kunne, kamar yadda zai faru a haɗari. Sauran kariyar ta ƙarfe ce: tukunya mai bin ƙa'idar ISO 11439 da aka ƙera ba tare da walda ba, mai wa'adin aiki da bai wuce shekara 20 ba, da wani toshi da ke narkewa a kusan digiri 110 ya saki gas kafin wuta ta fasa tukunyar. Metan ba ya kamawa sai yawansa a iska ya kasance tsakanin kashi 5 da 15 cikin ɗari, kuma zafin da yake kamawa da kansa ya kai kusan digiri 540, nesa da na fetur. Fashewar da ta raunata mutane a wani gidan gas a birnin Benin a watan Oktoba na 2024, hukumomi sun danganta ta da tukunyar da aka ƙera da walda ba bisa ƙa'ida ba, kuma babu kwamfutar da za ta iya ceton irin wannan tukunya daga matsin bar 200.

Nijeriya tana da arzikin gas fiye da ƙafa kubik tiriliyan 200, mafi yawa a Afirka, kuma tun wajen 2009 kamfanin NIPCO ke sayar wa motoci gas a Benin, amma arzikin yana kudu, gidajen sayarwa kuma sun fi taruwa a manyan birane. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, a Kano zai tsaya, don haka garuruwan tsakiyar Katsina da tanka za su dogara. Tukunyar ƙarfe mai cin lita 60 tana da nauyin da ya kai na babban mutum, tana cinye wurin da buhu ko kwandon tumatir daga lambunan madatsar ruwan Zobe zai zauna, kuma abin da take ɗauka bai wuce kwatankwacin lita 15 na fetur ba, wato zuwa Katsina da dawowa sau ɗaya da ɗan saura. A zafin bazara ma ba ta cika sosai, domin gas yana ɗumama yayin ɗurawa, matsi ya kai iyaka tun nauyin bai kai ba. Pakistan ta mayar da miliyoyin motoci zuwa shan gas, sannan ƙarancin gas ya sa aka riƙa rufe gidajen sayarwa na kwanaki a mako a farkon shekarun 2010, kuma tankin fetur ne ya riƙe direbobinta a lokacin. Direban Kurfi ko Dutsin-Ma zai riƙa sauyawa tsakanin makamashin biyu fiye da takwaransa na Legas ko Abuja, saboda haka jituwar kwamfutocin biyu ta fi shafarsa, haka ma barin fetur a tanki kullum, domin a motoci da yawa famfon mai yana ci gaba da juyawa ko ana kan gas, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi.

Wannan aiki yana bukatar hannun da ya haɗa sanin bakanike da na mai riwaya da iya karanta allon kwamfuta, kuma horon da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya da Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa suke bayarwa ya cancanci ya sauko zuwa garejojin ƙananan hukumomi, inda motar za ta koma idan ta fara gardama, ta hannun makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Gwajin da ke bambanta aiki mai kyau da na gaggawa bai fi ƙarfin kowane gareji mai na'urar sikanin ba. Duk motar fetur da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, ko ta Turai daga 2001, tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma ta nan ake karanta zafin ruwa da motsin lamda da gyaran awo. Kafin a huda manifol, ya kamata a ga ruwa yana kaiwa kusan digiri 90 ya tsaya, lamda tana kai da kawowa, gyaran awo yana kusa da sifili. Bayan an sa kayan an yi tafiyar kwana biyu ko uku, sai a sake jona na'urar a karanta gyaran awo na dogon zango a kan gas da kuma a kan fetur, kuma idan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, motar ta koma wurin mai saiti a sake hawa titi da laftof.